Harshen da ke yanke wa ganyen shayi farashi

Kafin ganyen shayi ya iso kasuwar Singa a Kano, ko Babbar Kasuwar Yamai, ko teburin mai shayin bakin tasha, akwai waɗanda suka riga kowa kurɓarsa. Ba ƙishirwa ta sa su ba, ba kuma marmari ba. Kurɓa suka yi, suka juya shi a baki, suka tofar, suka rubuta 'yan kalmomi a takarda. Waɗannan 'yan kalmomin ne suka yanke kuɗin da aka biya manomin da ya shuka ganyen da matar da ta tsinko shi tun da asuba. Ɗanɗana shayi sana'a ce mai zaman kanta, ana shafe shekaru ana koyonta, kuma duk da yawan shayin da muke sha a ƙasar Hausa, kaɗan ne daga cikinmu suka san da ita.

Baƙin shayin da mai shayi ke haɗawa da madara, da koren shayin da Buzaye ke dafawa a kan gawayi, duk daga itaciya ɗaya suke. Masana tsirrai na kiranta Camellia sinensis. Tana da manyan iri biyu: mai ƙananan ganye ta ƙasar Sin, wadda ke jure sanyi, da mai faffaɗan ganye ta yankin Assam a Indiya, wadda aka fi shukawa a Afirka. A masana'anta ake raba hanya. Idan kore ake so, da an tsinko ganyen sai a yi maza a ba shi zafi, ko a gasa shi a kasko yadda Sinawa ke yi, ko a turara shi yadda Japanawa ke yi, don kada ya yi duhu. Idan baƙi ake so, sai a shanya shi ya yi yaushi, a murza shi ruwan jikinsa ya fito, a bar iska ta ratsa shi har ya rikiɗe ya koma ja mai duhu, sannan a busar da shi da zafi. A kowane mataki ana iya gyara ganye ko a ɓata shi, kuma aikin mai ɗanɗanawa shi ne ya gano inda aka yi daidai da inda aka yi sake.

Ɗakin da ake wannan aiki ba shi da wani ado. Dogon kanta ne, da tagogi masu shigo da hasken rana, da jerin fararen kofuna na tangaran masu murfi, kowanne da ɗan kwanonsa a gaba. Akwai ƙa'ida ta duniya da aka rubuta musamman don wannan dahuwa, ISO 3103, wadda ta fito a 1980. Ta ce a auna giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na ruwa, a zuba tafasasshen ruwa, a rufe, a bar baƙin shayi minti 6 cif. Kofin yana da 'yan haƙora a bakinsa, don idan an karkata shi a kan kwano ruwan ya tsiyaye, ganyen ya tsaya. Daga nan a kife jiƙaƙƙen ganyen a kan murfin. A gaban gwanin ke nan akwai abu uku: busasshen ganye, jiƙaƙƙen ganye, da ruwan shayin.

Duk wanda ya sha wannan dahuwa zai yamutsa fuska, don ta yi ƙarfi da yawa, ba sukari. Da gangan aka yi haka. Ba a neman daɗi a wannan ɗaki, aibi ake farauta, kuma shayi ba ya iya ɓoye aibinsa idan ya jiƙu sosai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne adalci: nauyi ɗaya, ruwa ɗaya, lokaci ɗaya ga kowane kofi, ta yadda duk bambancin da aka ji daga ganyen ya fito, ba daga hannun mai dahuwa ba. Ƙa'idar ta ma ce ruwan ya zama irin na garin da za a sha shayin. Akwai hikima a nan. Ruwa mai yawan ma'adinai, irin na wasu rijiyoyin burtsatse, yana dusashe launin shayi, ya sa wata 'yar yana ta taso a samansa, ya kashe masa kaifi. Ganyen da ya yi armashi a wannan gari yana iya yin lami a wancan. A Ingila har akwai kamfanin da ke yin haɗi na daban don garuruwa masu irin wannan ruwa.

Gwanin yakan fara da ido da hanci. Ya baje busasshen ganyen a farar takarda ya duba ko girmansa ɗaya ne, ko akwai tsinke da zare-zare a ciki, ko ya yi furfura saboda yawan gugar inji. Ya ɗaga murfi ya shaƙi jiƙaƙƙen ganyen. A baƙin shayi ana son ya yi ja mai haske, launin tagulla. Idan ya yi duhu ba sheƙi, an bar shi a iska fiye da kima, ko kuma ganyen ya yi zafi a cikin buhu kafin ya isa masana'anta. Idan da sauran kore a jikinsa, an yi gaggawar busar da shi. Sannan ya ɗebi ruwan a cokali ya zuƙe shi da ƙarfi, da ƙara irin wadda za a yi wa yaro faɗa a kanta. Wannan zuƙa ita ce ke fesa ruwan ko'ina a baki tare da iska. Dalili kuwa shi ne harshe ba ya jin komai sai zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri da wani garɗi irin na romo. Yawancin sauran abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci, shi ya sa mai mura ke cewa abinci ba daɗi. Bayan daƙiƙa kaɗan sai ya tofar a wani dogon mazubi mai taya da yake turawa a gabansa, ya matsa kofi na gaba. A lokacin da kasuwa ta cika, mutum ɗaya yakan bi kofuna ɗaruruwa a yini.

Ɗaci daban, bauri daban, ko da yake masu shan shayi da yawa na haɗa su. Ɗaci harshe ke jin sa, kuma yawancinsa daga sinadarin kafin ne, wanda ke hana barci, da wasu sinadaran ganyen. Bauri kuwa kamewar baki ne, irin wanda ake ji idan an ciji kanyar da ba ta nuna ba: sinadaran ganyen ne ke kama yawun bakin, santsi ya tafi na ɗan lokaci. Shayin da ba shi da bauri ko kaɗan ruwan zafi ne mai launi. Wanda ya yi masa yawa kuma yana kartar baki. Abin da gwanaye ke nema shi ne bauri mai rai, wanda ke wartsakar da baki ya wuce. A baƙin shayi wannan kaifi da hasken launi suna zuwa ne daga sinadaran da ake samu a farkon shan iska, nauyi da duhun launi kuma daga waɗanda ke biyo baya idan an ƙara lokaci. Mai masana'anta kullum yana tsakanin waɗannan biyu ne: ya tsayar da wuri ya sami shayi mai kaifi marar nauyi, ko ya jinkirta ya sami mai nauyi marar kaifi. Idan kakkauran baƙin shayi ya huce ya yi gajimare kamar an ɗiga masa madara, gwanaye na ɗaukar hakan alamar ƙarfi, ba alamar lalacewa ba.

Aibobin kuma kowanne da labarinsa. Ƙauri na nufin na'urar busarwa ta yi zafi da yawa. Warin hayaƙi na nufin bututun wuta yana yoyo. Warin fumfuna ya nuna ganyen bai bushe ba, ko damshi ya same shi a sito. Gafi ya nuna bai yi yaushi yadda ya kamata ba. Gwani yana iya zama a Mombasa ya rubuta wa masana'antar da ke kan tsaunukan Ruwanda cewa su duba murhunsu, kuma a je a tarar haka ne.

Mombasa ba a ambace ta a banza ba. Can ake gwanjon shayi mafi girma a Afirka, kuma yana cikin manya a duniya tare da na Kolombo a Sri Lanka da na Kolkata a Indiya. An fara shi a Nairobi a 1956, aka mayar da shi bakin teku a 1969. Na London, wanda ya shafe fiye da shekara 300 yana ci, an rufe shi a 1998. Kowane mako a Mombasa ana sayar da shayin Kenya da Yuganda da Ruwanda da Burundi da Tanzaniya da wasu maƙwabta. Kafin ranar gwanjo, dillalai sun aika wa masu saye samfurin kowane kaso, kowa ya ɗanɗana a ɗakinsa ya ƙudurta iyakar abin da zai taya. Yawancin shayin can da inji ake sarrafa shi, hanyar da ake kira CTC, wadda William McKercher ya ƙirƙiro a Assam a farkon shekarun 1930: a murƙushe ganyen, a yaga, a dunƙule shi ƙanana-ƙanana. Sai a tankaɗe a raba shi bisa girma, daga BP1 mai manyan ƙwayoyi, zuwa PF1, zuwa PD da D1 masu laushi.

Waɗannan haruffa girma suke nunawa, ba inganci ba. Mutane kan ce shayin jaka sharar masana'anta ce, kuma wannan magana ba daidai ba ce. Garin ganye mai kyau ya fi dogon ganye marar kyau. Ƙanƙantarsa na sa shi saurin sakin launi da ƙarfi, shi ya sa ake zuba shi a jaka, shi ya sa kuma Misrawa ke neman mai laushin, Pakistan da Ingila kuma suka fi ɗibar PF1 don shayin madara. Inganci daga gona yake farawa, daga tsinko toho da ganye biyu na samansa kawai. Idan mai tsinka ta haɗa da tsofaffin ganye don kwandonta ya yi nauyi, harshen gwani zai tona. Sai an tara kusan kilo 4 ko fiye na ɗanyen ganye ake samun kilo 1 na busasshe.

A nan ne maganar ta wuce ta kofi ta zama ta cikin mutane. Ƙananan manoma fiye da dubu 600 ne ke kai ganyensu masana'antun da hukumar KTDA ke gudanarwa a Kenya, kuma kuɗin da ake raba musu a ƙarshen shekara ya danganta da abin da shayin masana'antarsu ya samu a gwanjo. Shayin gabashin kwarin Rift ya saba fin na yamma tsada, manoman yamma kuma sun daɗe suna ƙorafin cewa hukuncin harshe ba shi da ma'auni, suna neman a riƙa haɗawa da gwajin kimiyya. Ƙorafin yana da tushe, don ɗan Adam ne ke ɗanɗanawa. A 2021 gwamnatin Kenya ta sa farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba, dala 2.43 kowane kilo, don kare manoma. Masu saye suka zaɓi wanda suke ganin ya kai kuɗin suka bar sauran, buhuna suka yi ta taruwa a sito, har aka janye dokar a 2024. A watan Maris na 2025 kuma Sudan, wadda ke cikin manyan masu saye, ta hana shigo da kayan Kenya saboda saɓanin siyasa, lamarin da ya taɓa manomi a Kericho da mai sayar da shayi a Port Sudan lokaci guda.

Manyan kamfanoni su ma da nasu gwanayen, amma aikinsu daban ne. Shayi amfanin gona ne, na damina ba ya zama ɗaya da na rani, na wannan mako ba ya zama ɗaya da na wancan. Mai saye kuwa yana son kwalin da ya saya bana ya yi daidai da na bara. Don haka jaka ɗaya tana iya ƙunsar ganyen gonaki masu yawa daga ƙasashe daban-daban, a ƙara wannan a rage wancan har a koma kan ɗanɗanon da aka saba. Kamfanin Tetley ya taɓa yi wa harshen wani gwaninsa, Sebastian Michaelis, inshorar fam miliyan 1 a 2014. Akwai talla a ciki, amma ya nuna darajar aikin.

Can gefe kuma akwai duniyar mashaya na musamman, masu mujallu da gasanni da sharhi, waɗanda ke bin sunan gona da watan tsinka. Darjeeling, a gindin tsaunukan Himalaya, tana da gonaki 87 da doka ta yarda su yi amfani da sunan. Tsinkar farko ta Maris da Afrilu tana ba da shayi mai haske da ƙamshin fure. Ta biyu, a Mayu da Yuni, tana da wani ƙamshi mai kama da na inabi, wanda ake dangantawa da cizon wasu ƙananan ƙwari: ganyen na fitar da sinadarai don kare kansa, su kuma su zama ƙamshi. Duk yankin ba ya fitar da kilo miliyan 10 a shekara, amma an daɗe ana sayar da ninkin ba ninkin haka da sunansa a kasuwannin duniya. A ƙasar Sin, a 2002, an sayar da giram 20 na shayin Da Hong Pao daga tsofaffin itatuwan tsaunin Wuyi a kan yuwan 180,000. Babu harshen da zai ji daɗin da ya kai wannan kuɗi. Tarihi da ƙarancin abin aka saya.

Salon wannan sharhi, na ba da maki da zayyana ƙamshi dalla-dalla, an aro da yawansa daga masu sharhin giyar inabi a Turai da Amurka, inda Robert Parker ya yayata ma'aunin maki 100 tun daga 1978. Musulmi ba ruwansa da giya, amma gwaje-gwajen da aka yi a wannan fage sun shafi duk mai harshe. A 2001, a jami'ar Bordeaux ta Faransa, Frédéric Brochet da abokan aikinsa sun rina farar giya da jan launi marar wari, suka ba ɗalibai 54 masu karatun fannin. Ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Kafin nan, a 1976, an yi wata gasa a Paris inda aka ɓoye sunayen kwalabe, alƙalan Faransa da kansu suka fifita na Kaliforniya a kan na ƙasarsu. Ido da suna da farashi suna riga harshe yanke hukunci. Wannan bai sa na ɗauki gwanintar ɗanɗano a matsayin yaudara ba. Gwanin da ke jera kofuna hamsin a yanayi ɗaya yana neman ƙauri da fumfuna aiki na gaske yake yi, kuma ana iya bin sawunsa a tabbatar. Wanda nake ɗari-ɗari da shi shi ne mai dogon kirari bayan ya riga ya ga kwali da kuɗinsa.

Namu koren shayin, na Agadas da Damagaram da majalisun samari a Kano da zangunan Kumasi, kusan duk daga Sin yake zuwa, kuma lambobin da ke jikin kwalinsa ba ado ba ne. Lamba 3505 ta mai dunƙulallun ƙwayoyi ce, wanda lardin Zhejiang ya shahara da shi. Mai kyaunsa ƙwayoyin ƙanana ne, a matse, da ɗan sheƙi, kuma idan sun jiƙu sai su buɗe su zama cikakken ganye. Lambobi irin su 41022 da 4011 da 9371 na mai siririn lanƙwasasshen ganye ne, 41022 kuma yana sahun gaba. Sai dai lamba kowa na iya bugawa, babu mai hana shi. Wani abin lura kuma: mai shan koren shayi a Japan ba ya zuba masa tafasasshen ruwa, yakan bari ya sauko zuwa digiri 70 ko 80 don kada ya yi ɗaci. Mu kuwa tafasa shi muke a kan gawayi har zagaye uku, da sukari da na'a-na'a, ana ɗaga buta sama don kumfa. Ganyen da zai jure wannan ba lallausan toho ba ne, mai ƙarfi ne. Ingancin shayi ba ya rabuwa da yadda za a dafa shi, kuma Buzun da ya san ganyen da zai kai zagaye na uku da sauran ɗanɗano gwani ne a fagensa.

Muna da namu na gida ma. A Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, ana noman shayin da ake sayarwa da sunan Highland Tea, haka kuma ana noman shayi a Ndu da Tole a Kamaru. Tudu mai sanyi yana sa ganye girma a hankali, ƙamshi ya taru. Abin da Najeriya ke nomawa bai kai abin da take sha ba, amma ya cancanci a jera shi da na waje a gwada shi da adalci.

Gwajin ba ya buƙatar komai mai tsada. A samo iri uku ko huɗu, da kofuna farare iri ɗaya, a sa wani a gida ya zuba ƙaramin cokali ɗaya na kowanne ba tare da ya faɗi wanne ne wanne ba. A zuba ruwan da ya tafasa yanzu, ba wanda ya yini a fulas ba, a rufe da faranti minti 6, a tace. A sha shi ruwan bunu tukuna, ba sukari, ba citta ko kanumfari. A bari ya ɗan huce, don baki ba ya tantance komai a cikin tsananin zafi. Daga baya a ɗiga madara daidai wa daida a duba: mai kyau zai yi ja mai haske, marar kyau ya yi toka-toka. Haɗin kauri yana da daɗinsa, amma madara da sukari suna rufe aibin ganye, kuma mai algus ya san da haka.

Algus ɗin da aka fi yi shi ne rina ganyen da aka riga aka dafa, ko marar kyau, ya yi kyan ɗan maciji. A barbaɗa ɗan ganye a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda ko a cikin ruwan sanyi. Ganyen kirki a hankali yake sakin launi, rinanne kuwa nan take zai zubar da ja ko ruwan goro. Bayan an sayo mai kyau kuma sai adana. Shayi yana zuƙar damshi da warin duk abin da ke kusa da shi, don haka kada a ajiye shi kusa da sabulu, kananzir, daddawa ko turaren wuta, a shago ne ko a ɗaki. A juye shi a gwangwani mai murfi, nesa da rana. Kore ya fi baƙi saurin tsufa, gara a riƙa sayensa kaɗan-kaɗan. Sinadaran da ke kawo bauri kuma suna rage ƙarfen da jiki ke samu daga wake da ganyaye da hatsi, saboda haka mai juna biyu da mai ƙarancin jini su bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi.